Yadda zaka kula da ruwan tankin kifi da filtarsa don kifayenka su daina mutuwa

Abu na farko da nake so duk mai tankin kifi a ɗaki ya cire daga ransa shine wai in ruwa yayi garau toh lafiya lau yake. Ba haka bane wallahi. Gubar da tafi kashe kifi a tanki bata da kala, ido baya ganinta, ruwa zai iya zama tas kana hango tsakuwar ƙasa amma kifi yana ciki yana shan azaba. Shi yasa zakaga mutum ya sayi tanki sabo da kifaye masu kyau, sati ɗaya ko biyu sun fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, sai yace ai marasa lafiya aka sayar masa ko kuma shi bashi da hannun kiwo, alhali mafi yawan lokuta kifin lafiyarsa ƙalau, ruwan ne bai shirya ba kuma filtar bata kama aiki ba.

Ka ɗauka an kulle mutum a ɗaki babu taga babu banɗaki, a nan yake ci a nan yake zagayawa kuma iskar ɗakin ita yake shaƙa, toh haka kifi yake a tanki. A kogi ruwa yana tafiya da ƙazanta, a tanki babu inda zata. Kifi yana fitar da amoniya, yawancinta ma ba ta kashi take fita ba, ta wajen numfashinsa take fita, waɗancan jajayen abubuwan dake ƙarƙashin murfin gefen kansa. Sannan kashin nasa, da ragowar abincin da ya nutse, da ganyen tsiron da ya ruɓe, da kifin da ya mutu ya maƙale bayan dutse baka lura ba, duk amoniya suke komawa. Ita kuma amoniya ƙona wajen numfashin kifi take yi, ko kaɗan ce.

Abun da yake ceton kifin wasu ƙwayoyin bakteriya ne. Kashi ɗaya, irinsu Nitrosomonas, suna cin amoniya su mayar da ita naitirait, wanda a jikin kwalbar gwaji zakaga an rubuta NO2. Shi ma naitirait ɗin guba ne, yana shiga jinin kifi ya hana jinin ɗaukar iskar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa, sai kaga kifi a saman ruwa yana haki alhali iska ta wadata a tankin. Sai kashi na biyu, irinsu Nitrospira, su ɗauki naitirait ɗin su mayar da shi naitiret, NO3, wanda shi da sauƙi sosai, kifi yana iya zama da shi in bai taru da yawa ba. Daga nan aiki ya dawo hannunka, kai zaka fitar da naitiret ɗin da canjin ruwa.

Dan Allah ka riƙe wannan da kyau domin duk sauran bayanin a kansa yake tafiya: waɗannan bakteriya ba a cikin ruwa suke yawo ba, manne suke a jikin abubuwa, a jikin tsakuwa da gilashi da duwatsu, amma mafi yawansu suna cikin soson filta saboda a nan ne ruwa yake wucewa dare da rana yana kawo musu abinci da iska. Kenan filta ba tace datti kawai take yi ba, babban aikinta shine gida ce ta bakteriya. Kuma basa saurin yaɗuwa, wasu bakteriyan cikin minti 20 sun ninka amma waɗannan sai su ɗauki wajen kwana guda kafin su ninka sau ɗaya, shi yasa sabon tanki yake buƙatar sati 4 zuwa 6, wani lokacin har 8, kafin ya iya ɗaukar kifi yadda ya kamata.

Sabon tanki

Hanyar da nafi yarda da ita itace ka tada tankin babu kifi a ciki. Ka zuba tsakuwa da ruwa, ka sa maganin cire kulorin na ruwan famfo, ka kunna filta ka barta tana aiki ba kashewa, sannan ka riƙa ciyar da bakteriyan da amoniya. Akwai amoniyar kwalba da ake sayarwa don wannan aikin, sai ka ɗiga har gwaji ya nuna 2 ppm (ppm shine ma'aunin yawan sinadari a cikin ruwa da zakaga a katin gwaji), in baka samu ba ka riƙa barbaɗa ɗan abincin kifi kullum ya ruɓe a ciki, shima yana yi sai dai baka san iya adadin da ka zuba ba kuma yana ɓata ƙasan tanki. Da farko zakaga amoniya ta tsaya cak kamar babu abun da ke faruwa, kada ka damu, bayan kwanaki zata fara sauka sai naitirait ya tashi, kuma wannan matakin na naitirait shine yafi daɗewa, a nan mutane suke gajiya su zuba kifi. Kayi haƙuri dai, sannu bata hana zuwa. Ranar da ka sa amoniya 2 ppm kuma bayan awa 24 gwaji ya nuna amoniya 0, naitirait 0, naitiret ya bayyana, toh tanki ya nuna, wato ya shirya karɓar kifi. Sai kayi babban canjin ruwa don rage naitiret ɗin da ya taru, ka kawo kifi kaɗan kaɗan, ba duka a rana ɗaya ba, saboda yawan bakteriya yana bin yawan ƙazantar da suke samu ne, in ka jibga musu kifi ashirin lokaci guda bazasu iya ba.

In kana da wanda tankinsa ya daɗe kuma kifayensa lafiya suke, ka roƙe shi ya yanko maka ɗan tsohon soson filtarsa, ka kawo shi a jiƙe cikin ruwan tankin ka cusa a taka filtar, wannan yana rage jiran sosai, wani lokacin zuwa sati ɗaya ko biyu. Amma fa daga tanki mai lafiya, don cuta ma haka take biyo soso.

Wanda kuma ya riga ya zuba kifi kafin ya san wannan, ba shikenan ba, ana iya tsallakewa. Ka rage abinci sosai, ko sau ɗaya a kwana biyu, kifi baya mutuwa don wannan, ka riƙa gwada ruwa kullum, duk sanda amoniya ko naitirait ya kai 0.5 ppm ka canza kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na ruwan, ko da kullum ne. Wasu suna tsoron wai canjin ruwa zai zubar da bakteriyan, a'a, ai mun ce a soso suke, ruwan da ka zubar guba ka zubar. Kuma kada ka ƙaro ko kifi ɗaya sai komai ya koma 0.

Gwaji

Babu yadda zakayi ka san halin da ruwa yake ciki sai da gwaji. Akwai na takarda da ake tsomawa a duba kala, yana da sauri amma in danshi ya shiga robarsa sai ya riƙa baka ƙarya, kuma da yawansu babu amoniya a jiki wadda itace tafi muhimmanci a farko. Na ɗigo yafi, irin na kamfanin API da sauransu, ka ɗebi ruwa mililita 5 a 'yar kwalba ka ɗiga maganin ka jira minti 5 ka gwada kalar da katin a wuri mai haske. Wani abu da yake yaudarar mutane a na API ɗin shine kwalba ta biyu ta naitiret, sinadarin cikinta kwanciya yake a ƙasa, sai ka girgiza ta da ƙarfi na daƙiƙa 30 kafin ka ɗiga, bayan ka ɗiga kuma ka girgiza 'yar kwalbar gwajin minti ɗaya cur, in ba haka ba zata nuna maka 0 kana murna alhali naitiret ya cika tanki. Tsohon tanki mai kifi wanda babu tsirrai da yawa a ciki in ya nuna naitiret 0 toh ka sake gwajin.

Lambobin da kake nema basu da yawa. Amoniya 0, naitirait 0, waɗannan biyun babu ciniki a kansu. Naitiret ƙasa da 40 ppm, in zaka iya riƙe shi wajen 20 yafi. Sabon tanki kullum ko bayan kwana biyu, tankin da ya zauna sau ɗaya a sati ya isa, kuma ka riƙa rubutawa a littafi ko a waya domin abun da yafi amfani ba lambar yau bace kaɗai, inda lambar ta dosa ne.

Maganar pH da taurin ruwa

pH shine ma'aunin tsamin ruwa, 7 tsakiya ne, ƙasa da 7 ruwan ya karkata wajen asid, sama da 7 ya karkata ɗaya ɓangaren. Yawancin kifayen da ake haɗawa a tanki ɗaya suna zama lafiya tsakanin 6.5 da 7.5, wasu ma har 8. Amma ka sani tazarar lamba ɗaya a pH ninki goma ce, wato daga 7 zuwa 6 ba ɗan motsi bane, tsamin ya ninka sau 10, shi yasa kifi yake jin jiki in aka sauya masa farat ɗaya. Ni dai ra'ayina, kuma da gaske nake, kada ka sayi kwalaben ɗaga pH ko sauke pH kana bin wata lamba da ka karanta. Kifin da ya zauna a 7.8 kullum yafi wanda yau yake 7.8 gobe 6.8 jibi ya koma 7.6 lafiya nesa ba kusa ba. Ka gwada ruwan da kake da shi sannan ka zaɓi kifin da ya dace da shi. In ruwanka mai tauri ne, wato mai yawan sinadaran kalsiyam da magniziyam, toh kifaye irinsu gupi da moli da filati da siklid na Tafkin Malawi zasuji daɗinsa, su na Malawi ma wajen 7.8 zuwa 8.6 suke so. In mai laushi ne toh tetira da sauran kifayen da asalinsu yankin kogin Amazon ne sun fi dacewa.

Akwai wata alaƙa tsakanin pH da amoniya da ya kamata ka sani. Gwajin da kake yi yana haɗa amoniya iri biyu ne, mai guba sosai da wadda take da sauƙi, kuma pH da zafin ruwa ne suke raba su. A zafin digiri 25 na ma'aunin Celsius, in pH yana 7, wajen rabin kashi ɗaya cikin 100 ne kawai mai gubar, amma in pH yana 8 ya haura kashi 5 cikin 100. Kaga kenan amoniya 0.5 a ruwa mai pH 8 tafi haɗari sau goma akan wadda take ruwa mai pH 7, don haka mai ruwa mai tauri shi yafi kowa buƙatar kiyayewa a farkon tanki.

Sai KH, wato yawan sinadarin kabonet da ke cikin ruwa, wanda mutane da yawa basu ma san da shi ba amma shine yake riƙe pH ya hana shi faɗuwa. Aikin bakteriyan filta da kansa yana samar da asid yana cinye KH a hankali, toh in ba'a canza ruwa watanni suna tafiya sai KH ya ƙare, pH ya faɗo ƙasa da 6 lokaci guda, su kuma bakteriyan a irin wannan tsamin aikinsu yana ja baya sosai, amoniya ta fara taruwa. Irin wannan tankin zakaji mai shi yana cewa ni ban taɓa canza ruwa ba kuma kifayena suna nan, eh tsofaffin sun saba a hankali, amma duk sabon kifin da ya shiga kwana biyu ya mutu. Kuma gyaran irin wannan ba da babban canji ɗaya bane, in ka zuba sabon ruwa da yawa pH zai yi tsalle sama, amoniyar da ta taru ta koma mai guba, ka kashe su da hannunka. Kashi 10 zuwa 15 cikin 100 kullum na wasu kwanaki, a hankali har ya daidaita. Ka yi ƙoƙari KH ya tsaya 4 dKH (ma'aunin da gwajin KH yake bayarwa) ko sama, in ruwanka daga tushe bashi da shi ka sa ɗan ɓarzajjen murjanin teku ko ɓawon kawa a ƙunshin raga cikin filta, yana narkewa kaɗan kaɗan. GH kuma ma'aunin taurin ruwa ne, wato yawan kalsiyam da magniziyam, gupi da moli da dodon koɗi suna buƙatarsa, ka gwada sau ɗaya ka san inda kake ya wadatar.

Zafi bazan ja shi ba, kifayen yankin zafi digiri 24 zuwa 27, golfish yafi son ƙasa da haka. Ka dai tuna ruwan ɗumi baya riƙe oksijin kamar mai sanyi, don haka lokacin zafi ka ƙara motsin saman ruwa, kuma kada tanki ya zauna inda rana take dukansa.

Ruwan da kake zubawa

Ruwan famfo ana sa masa kulorin don ya kashe ƙwayoyin cuta, kuma baya tambaya, har bakteriyan filtarka zai kashe, ga ƙona wajen numfashin kifi. Da can ana cewa ka ajiye ruwa a bokiti ya kwana kulorin zai fice, gaskiya ne in kulorin ne zalla, amma wurare da yawa yanzu kuloramin ake sawa, kulorin ne da aka haɗa da amoniya, shi kuma ko ya kwana uku yana nan. Don haka maganin cire kulorin dole ne duk sanda sabon ruwa zai shiga, ka duba jikin kwalbar ka tabbata an rubuta yana maganin kuloramin ma. Seachem Prime misali mililita 5 yana isar lita 200, kaga kwalba ɗaya zata daɗe. In ruwanku na kuloramin ne zaka iya ganin gwaji ya nuna 'yar amoniya bayan canjin ruwa, filtar da ta nuna zata cinye ta cikin kwana guda.

Ruwan rijiya ko na burtsatse babu kulorin amma ka gwada shi tukuna, wani yana zuwa da naitiret ɗinsa, kuma pH ɗinsa yakan canza bayan ya sha iska, don haka ka ɗeba ka ajiye awa 24 sannan ka gwada, wannan lambar itace ta gaskiya. Ruwan sama da ruwan da aka tace har babu komai a cikinsa basu da KH, kada a zuba su zalla.

Canjin ruwa

Kashi 25 zuwa 30 cikin 100 duk sati shine abun da yake yiwa yawancin tankuna daidai. Don ka san litar tankinka ka auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, ka ninka su ka raba da 1000, misali 60 da 30 da 30 ya baka lita 54, toh wajen lita 15 zaka fitar. Lissafin naitiret ma a fili yake, in yana 40 ka canza kashi ɗaya cikin huɗu zai koma 30, in ka canza rabi ya koma 20, in kaga kullum yana haura 40 kafin sati ya zagayo toh ko kifin yayi yawa ko abincin yayi yawa ko canjin yayi kaɗan.

Ka kashe hita, wato na'urar ɗumama ruwa, da filta kafin ka fara, hita in ta fito daga ruwa tana kunne fashewa take. Ka yi amfani da tiyo mai faffaɗan baki ka riƙa cusa shi cikin tsakuwa yana zuƙo dattin da ya kwanta, zakayi mamakin abun da zai fito daga tsakuwar da kake gani fes. Kada ka fitar da kifin, kada ka kwashe tsakuwa ka wanke, kada ka zubar da ruwa duka ka goge tanki, wannan wankin na gaba ɗaya shine yake mayar da tanki sabo kullum kifi ya riƙa mutuwa bayan kowane wanki. Sabulu ko omo kada su kusanci komai na tanki, bokitin ma ka ware masa nasa, hannunka kuma ka ɗauraye shi da ruwa zalla in ka shafa mai ko turare. Sabon ruwan zafinsa ya zo kusa da na tankin, ka sa maganin kulorin a bokiti sannan ka zuba a hankali.

Ƙara ruwa don cike wanda ya bushe ba canjin ruwa bane fa. Ruwa ne kawai yake tashi, naitiret da sauran abubuwa suna nan suna ƙara kauri.

Filta

Kowace iri ce, ko ta soso da injin iska yake turawa, ko wadda ake nutsawa a ciki, ko mai ratayawa a bayan tanki, ko babbar gwangwani da ake ajiyewa a ƙasa, aiki uku ne a cikinta. Soso da auduga suna tare datti, wannan na ɗaya. Soson da zobban tangaran masu ƙananan ramuka suna bawa bakteriya wajen zama, wannan na biyu kuma shine babba. Na uku gawayin tace ruwa ne da ake kira kabon, yana ɗauke kala da wari da ragowar magani, amma bayan sati 3 zuwa 4 ya cika ya daina aiki, kuma ba dole bane a tanki mai lafiya. In kana yiwa kifi magani ma cire shi ake yi don zai shanye maganin. Wajen ƙarfi, ka nemi wadda zata juya ruwan tankin sau 4 zuwa 6 a awa, wato tankin lita 54 yana son mai lita 250 zuwa 300 a awa, golfish da yake mai yawan kashi ne a ƙara masa, beta mai dogon fuffuke kuma baya son ruwa mai ƙarfi, ta soso tafi masa. Ga mai farawa ni ta soso nake zaɓa masa, babu abun lalacewa a jikinta, tana bada iska, kuma bata zuƙe 'ya'yan kifi.

Yanzu wankinta, inda ake yin ɓarnar da tafi kowacce. Kada ka taɓa kai soson filta bakin famfo. Ranar canjin ruwa, ruwan da ka zuƙo daga tanki a bokiti shi zaka tsoma soson a ciki ka matsa sau uku ko huɗu har kaurin dattin ya fita, shikenan ka mayar. Ba sai yayi fari ba, ba'a son ma yayi fari, wannan launin ƙasa-ƙasan da yake jikinsa shine abun da ka jira sati shida kana nema. Zobban tangaran girgiza su kawai zakayi a ruwan. Kada ka bari su bushe, kada ka zuba musu ruwan zafi, kuma ka mayar ka kunna cikin ɗan lokaci. Yaushe ake wankewa? In kaga ƙarfin ruwan da take fitarwa ya ragu, yawanci sati 2 zuwa 4 ga ƙananan, ta gwangwani takan kai wata biyu ko uku. Ka ciro 'yar farfelar cikin injin ma ka goge ta da ramin da take zama, yawancin filtar da ake cewa ta mutu ko tana ƙara datti ne ko gashi ya naɗe farfelar.

Wasu filtocin suna zuwa da wani kati mai auduga da gawayi a ciki a ce maka ka canza duk wata. In shine kaɗai abun da ke cikin filtar toh duk wata kana jefar da bakteriyanka a shara ne kana komawa farko. Ka yanka soso daidai wajen ka sa, soso yana shekaru, sai ya fara ruɓewa yana marmashewa ake canza shi, kuma ko a lokacin rabi ake canzawa a bar sabon ya zauna kusa da tsohon wajen wata guda kafin a cire sauran. Farar audugar nan mai laushi ita kam zaka iya jefarwa in ta toshe matuƙar akwai soso ko tangaran a bayanta. Haka in ka sayi sabuwar filta, ka kwashe kayan cikin tsohuwar ka zuba a sabuwar, ko ka barsu suyi aiki tare sati 4. Kuma kada ka haɗa wankin filta sosai da zuƙe tsakuwa gaba ɗaya a rana ɗaya in tankin bai daɗe ba.

Filta bata hutu, ba'a kashe ta da dare don ƙara ko don wuta. In mai injin iska ce ka sa ɗan bawul mai hana ruwa dawowa a jikin siririn tiyon, ko ka ɗora injin sama da tankin, domin in wuta ta ɗauke ruwa yana iya biyo tiyon ya sauko cikin injin ya malale ƙasa. Wayoyin wuta kuma ka barsu su ɗan lanƙwasa ƙasa kafin su hau soket don ɗigon ruwa ya sauka a ƙasa.

Abinci da haske su ma ruwa suke taɓawa. Abun da zasu cinye cikin minti 2, sau ɗaya ko biyu a rana, duk abun da ya nutse ya kwana amoniya ce. Fitila awa 6 zuwa 8, in ruwa ya koma kore ko gansakuka ta rufe gilashi toh haske da naitiret ne suka yi yawa. Tsirrai masu rai suna taimakawa ƙwarai musamman masu saurin girma da masu yawo a saman ruwa don suna shan amoniya da naitiret, amma basa ɗauke maka canjin ruwa. Farin hazo kamar an ɗiga madara a sabon tanki wasu bakteriyan ne daban suka yi yawa, zai washe da kansa cikin kwanaki, ba sai ka zuba komai ba, ka dai ƙara iska ka rage abinci.

In ka wayi gari kaga kifi suna haki a sama, ko sun matse fuffukensu sun kwanta a ƙasa, ko gefen kansu yayi ja, kada ka fara da zuba magani, da yawan magungunan ma suna taɓa bakteriyan filta su ƙara dagula lamarin. Ka gwada ruwa tukuna, ka duba ko filta tana tafiya, ka ƙirga kifin ko wani ya mutu a ɓoye. In amoniya ko naitirait ya nuna, canza rabin ruwa da mai maganin kulorin, ƙara iska, dakatar da abinci kwana ɗaya ko biyu, gobe ka sake gwadawa ka maimaita. In naitirait ne ɗan gishirin tanki yana rage shigarsa jinin kifi, sai dai ba kowane kifi da tsiro ne suke jure gishiri ba, don haka canjin ruwan shine kan gaba.

In wuta ta ɗauke na dogon lokaci abu biyu ne suke cikin haɗari, numfashin kifi da bakteriyan filta, duka kuma oksijin suke nema. Ƙaramin injin iska mai batir yana maganin wannan, in babu ka riƙa ɗiban ruwan tankin da kofi kana zubawa daga sama lokaci lokaci, kuma kada ka basu abinci har wuta ta dawo. Filtar da take a rufe kamar ta gwangwani in ta wuce awa biyu ko uku a tsaye, ka buɗe ka ciro soson da tangaran ka saka su cikin tankin ko a faffaɗan roba da ruwan tanki ya ɗan rufe su. In ta daɗe a rufe baka samu ka buɗe ba, kada ka bari ta tura wannan tsayayyen ruwan cikin tanki sanda wuta ta dawo, ka cire ta daga soket tun kafin nan, ka zubar da ruwan cikinta musamman in kaji yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ka ɗauraye kayan da ruwan tanki sannan ka kunna, kuma ka riƙa gwada amoniya da naitirait kullum na sati guda bayan nan.